John Dalziel: Likitan da sunansa ya liƙe a jikin itacen hano

A Adogi, cikin Ƙaramar Hukumar Lafiya ta Jihar Nasarawa, kamar a sauran garuruwan Arewa, mai neman sassaƙen hano ba ya shan wahala. Masu saiwoyi na kasuwa sun san shi, tsofaffin mata sun san yadda ake dafa shi a wanke gyambo, ko a sha don zazzaɓi da murɗar ciki. Wasu ararraɓi suke ce masa. Amma da zarar ɗalibin jami'a ya ɗauki sassaƙen nan ya shiga da shi ɗakin gwaje-gwaje, a Lafiya ne ko Keffi ko Zariya, sai sunan ya sauya. A jikin kwalba da cikin kundin bincike Boswellia dalzielii ake rubutawa. Kalma ta biyu sunan mutum ce: wani likita ɗan Scotland da ya bar duniya tun 1948, wanda masu binciken magungunan gargajiya a Najeriya ke ambata a kusan kowace takarda, alhali ƙalilan ne cikinsu za su iya faɗin ko wane ne shi. Ko furta sunan ma kan ba mutane wahala, domin a ƙasarsu Diyel ake cewa, harafin z ba ya fita.

An haifi John McEwen Dalziel a 1872 a Nagpur, a tsakiyar ƙasar Indiya, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Karatun likitanci ya kai shi Jami'ar Edinburgh, inda ya gama a 1895. Wurin da ya yi karatun yana da muhimmanci ga abin da ya zama daga baya, domin Edinburgh ta wancan zamani ta yi suna wajen tono magani daga dafin Afirka. A can ne aka yi nazarin waken nan mai guba da mutanen Kalaba ke ba wanda ake tuhuma da maita, har aka gano cewa sinadarinsa yana tsuke ƙwayar ido, ya shiga hannun likitocin ido. Malamin da ya yi fice a wannan aiki, Thomas Fraser, shi ne kuma ya fitar da maganin zuciya daga 'ya'yan tsiron Strophanthus, wanda maharban Afirka ke shafa wa kibiya. Fraser ne ke riƙe da kujerar ilimin magunguna a shekarun da Dalziel ke ɗalibi. Saboda haka tun daga aji saurayin ya tashi da sanin cewa abin da ke cikin kwarin maharbi ko jakar boka ba abin rainawa ba ne.

Aikinsa na farko a kudancin ƙasar Sin ya yi shi, a lardin Guangdong, a matsayin likitan mishan daga 1895 zuwa 1902. A can ya fara ɗabi'ar da ba ta rabu da shi ba har tsufa, wato tsinko tsirrai, busar da su tsakanin takardu, da aika su ga masana a gida. Da ya koma ya ƙaro karatu, sannan a 1905 ya shiga rukunin likitocin gwamnatin mallaka na Afirka ta Yamma, aka turo shi Arewacin Najeriya.

Shekara biyu ke nan kacal da faɗuwar Kano da Sakkwato a hannun dakarun Lugga, kuma Zungeru ce hedikwatar mulki. Likitan gwamnati a lokacin ba don talakawa aka kawo shi ba. Aikinsa duba Turawan mulki ne da sojoji da fursunoni da ma'aikata, sai sa ido kan annoba irin su agana da sanƙarau. Abin da ke cikin akwatinsa ma bai taka kara ya karya ba: kwinin na zazzaɓin cizon sauro, magungunan wanke ciki, ruwan wanke rauni. Babu ko ɗaya daga magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka sani a yau. Miliyoyin mutanen da ke kewaye da barikin kuwa suna wajen boka da wanzami da ungozoma da maɗori da malamin tsibbu, kamar yadda iyayensu suka saba. Ilimin nan kuma ba duka ne na baka ba, domin tun kafin 1837 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya riga ya yi rubuce-rubuce da Larabci kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir. Dalziel bai gano wa Hausawa itatuwansu ba. Abin da ya yi wani abu ne daban, ƙarami a ido, mai cin rai a aikace.

Duk inda aiki ya ajiye shi, Kwantagora, Katagum, Yola, Sakkwato, Lakwaja, ko Abinsi da ke bakin Binuwai gabas da Makurɗi, yakan tambayi sunan tsiro da Hausa, ya tambayi amfaninsa, sannan ya nemi reshe mai fure ko 'ya'ya, domin ganye kaɗai ba ya isa a tantance jinsi. Ya danne shi ya bushe, ya ba shi lamba, ya rubuta wuri da lokaci, ya aika lambun sarauta na Kew da ke Landan. A can masana irin su Otto Stapf da William Craib da John Hutchinson ke gwada shi da dubban samfuran da ke ajiye, su ce ga sunansa na Latin, ko su ce wannan sabo ne ga kimiyya. Ta haka hano ya sami sunan da yake ɗauke da shi, domin Hutchinson ne ya raɗa masa a 1910 don girmama wanda ya aiko da shi. A shekarar ce kuma mujallar Kew ta buga bayanan Dalziel kan albarkatun tsirrai na Lardin Yola. Wani lokacin sunan Hausa ne ke cin nasara: itacen doka, wanda ya cika dazuzzukan tsakiyar Arewa, da sunansa na gida ya shiga littattafan duniya, Isoberlinia doka.

A 1916 ya tattara abin da ya samu cikin wani ɗan littafi da aka buga a Landan, A Hausa Botanical Vocabulary. Bai wuce shafi ɗari da 'yan kai ba. An jera shi bisa haruffan sunayen Hausa, daga aduwa zuwa zogale, kowane suna da takwaransa na kimiyya da ɗan bayani kan abin da ake yi da shi: abinci, rini, jima, igiya, magani, dafi. Tsarin nan kansa zaɓi ne mai ma'ana. Littattafan tsirrai na lokacin daga Latin suke farawa, wanda bai san Latin ba ya yi ta kansa. Na Dalziel daga bakin manomi yake farawa. Ya fito shekara 18 kafin babban ƙamus ɗin Bargery na 1934, kuma har a ƙarnin nan, da masanin harsuna Roger Blench ya tashi sabunta jerin sunayen tsirrai na Hausa, a kan harsashin Dalziel ya ɗora.

Mai karatu na iya tambaya mene ne abin a zo a gani a jerin sunaye. Amsar tana ɗakin gwaje-gwaje. Mai binciken da ke son sanin ko bagaruwa na kashe ƙwayoyin cuta zai busar da kwafsarta, ya daka, ya jiƙa a ruwa ko a sinadarin barasa, ya tace, ya ƙafar da ruwan. Sai ya shuka ƙwayar cuta, a ce Staphylococcus aureus mai haddasa maruru da ruɓewar rauni, a kan faranti mai ɗauke da abincinta, ya ɗiga tataccen maganin a wani ɗan rami, ya ajiye kwana guda a zafin da ya yi daidai da na jikin mutum. Washegari ya auna faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa, da milimita. Daga nan ya yi ta tsinka maganin har ya gano mafi ƙarancin adadin da ke hana ta yaɗuwa. In ya ga alamar nasara, sai a koma kan ɓeraye: nawa ne ke kisa, me ya faru da hanta da ƙoda, fararen ƙwayoyin jini sun ƙaru ko sun ragu, alamomin kumburi da garkuwar jiki ke fitarwa sun motsa ko ba su motsa ba. Aikin watanni ne, da kuɗi, sau da yawa daga aljihun ɗalibi. Duk wannan wahala tana rataye ne a kan tambaya ɗaya da ake amsawa a rana ta farko: wane tsiro ne wannan? Abin da Bakano ke kira bagaruwa, wani gabaruwa zai ce. Suna ɗaya kan rufe jinsi biyu ko uku, jinsi ɗaya kan amsa suna huɗu. In aka kuskure a nan, mai bincike a Alƙahira ko Landan ba zai iya maimaita gwajin ba, kuma sakamakon da ba a iya maimaitawa ba shi da daraja. Shi ya sa mujallu masu mutunci ke neman lambar samfurin da aka ajiye a ma'adanar busassun tsirrai, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko ta cibiyar binciken gandun daji a Ibadan. Gadar da ke haɗa sunan kasuwa da wannan lamba, a ƙasar Hausa, Dalziel ne ya fara gina ta da gaske.

Kasancewarsa likita, kuma ɗan Edinburgh, ya sa bai kawar da kai daga ɓangaren da masu tallan maganin gargajiya ba su cika son a taɓo ba. Littafinsa cike yake da masu kisa. Akwai kwankwani, ɗan uwan tsiron nan da Fraser ya yi nazari, wanda da 'ya'yansa ake haɗa dafin kibiya, dafin da ke tsayar da zuciya. Akwai gwaska, wadda ake ba mutum ruwan sassaƙenta a rantsuwa. Akwai tinya mai farin ƙaro da ke ƙona fata ya makantar da ido, da tururibi mai halaka dabbobi, da magimfa da masunta ke zuba wa ruwa kifi ya taso, da zaƙami mai gusar da hankali. Da yawa cikinsu magani ne a hannun wanda ya san awo. Boka na ƙwarai ya san haka, kuma ya san tazarar da ke tsakanin waraka da kabari ba ta da faɗi. Mai lasifika a bayan mota, wanda ke rantsuwa cewa haɗinsa ganye ne zalla don haka ba ya cutarwa, shi ne bai karanta wannan babi ba.

Daga baya aiki ya mayar da shi gaɓar teku, ɓangaren tsabtar gari. A Legas ya duƙufa kan sauro, abin tsoro a birnin da shawara ke kai wa hari, kuma a 1920 ya buga nazari kan yadda sauro ke hayayyafa a ramukan ƙaguwa da kogunan itatuwa. Akwai ma wani jinsin sauro da ke ɗauke da sunansa, Aedes dalzieli. Ya yi aiki a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, kafin ya ajiye aikin gwamnati a 1922 yana da shekara 50.

Ritayar ta zama farkon babban aikinsa. A 1923 ya koma Kew ya haɗa kai da Hutchinson, mutumin da ya raɗa wa hano suna, suka shiga rubuta Flora of West Tropical Africa, kundin da ya yi ƙoƙarin tantance kowane tsiro mai fure daga Senegal zuwa Kamaru. Kashin farko ya fito a 1927, na ƙarshe a 1936. A tsakanin nan ya sake leƙo Afirka ta Yamma a jirgin ruwan binciken tsirrai na attajirin Amurka Allison Armour, tare da masanin tsirrai David Fairchild. Wanda ya duba cikakken sunan kimiyya na maje, itacen nan mai ƙaro da ya yawaita a dazuzzukan Lafiya da Doma, zai ga sunayen Hutchinson da Dalziel a wutsiyarsa.

Sai 1937, da The Useful Plants of West Tropical Africa ya fito, shafi fiye da 600, da sunansa shi kaɗai. An buga shi ne a matsayin rataye ga wancan kundi, amma ratayen ya fi uwar littafin shiga hannu. A ciki ya tara sunaye daga Hausa da Fulatanci da Barbarci da Nufanci da Yarabanci da Ibo da harsunan ƙasashen Faransa, da abin da kowace al'umma ke yi da kowane tsiro, da abin da masu harhaɗa sinadarai suka riga suka gano. Ga maɗaci da ɗacinsa na zazzaɓi, ga marke da sabara na tari da ciki, ga aduwa wadda a 1933 wani likita a Sudan, Robert Archibald, ya nuna 'ya'yanta na kashe dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Lokacin fitowar littafin bai yi masa daɗi ba. A 1928 Alexander Fleming ya lura da funfunar da ke kashe ƙwayoyin cuta a farantinsa, a 1935 maganin Prontosil ya fito daga Jamus, a 1941 kuma aka fara gwada fenisilin a jikin mutum a Oxford. Cikin 'yan shekaru allura ɗaya ta riƙa yin abin da jiƙo ke kwashe makonni bai yi ba, kuma hankalin likitocin duniya ya bar sassaƙe da saiwa. Dalziel ya rasu a Chiswick, yammacin Landan, a watan Fabrairu na 1948, a daidai ganiyar wannan sabon zamani.

Adalci ga tarihinsa na buƙatar a faɗi iyakar aikin. Da farko, abin da ya rubuta rahoton amfani ne: an ce ana sha don kaza. Bai gwada ba, kuma bai yi iƙirarin ya gwada ba. Amma ɗalibai da dama kan buɗe kundinsu da ambaton Dalziel 1937 kamar hujja ce ta cewa maganin na aiki, alhali nan ne tambayar ta fara. Tsiro mai yawan tanin, sinadarin nan da majema ke nema a bagaruwa, zai iya hana ƙwayar cuta tsirowa a faranti amma ya kasa komai a cikin jini. Haka nan lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya, a mafi yawan lokuta, shaida ce cewa an duba amincinsa, ba cewa an tabbatar yana warkar da cututtukan da aka jera ba. Na biyu, aikin ya fito ne daga cikin mulkin da babban muradinsa sanin abin da za a iya saya a fitar: ƙaro, man kaɗanya, kayan jima, roba. Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne shirun da littattafan suka yi kan masu ilimin. Maharbin Katagum da ya nuna kwankwani, ungozomar Yola, bokan Sakkwato, tafintan da ya tsaya tsakani, duk sun narke cikin sunan ƙabila. Itacen ya ɗauki sunan baƙo, waɗanda suka nuna masa shi kuwa ba a ko rubuta nasu ba.

An daɗe kafin a fara gyara wannan. A shekarun 1990, da Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta sarrafa Niprisan na masu cutar sikila daga haɗin tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari, ta ƙulla yarjejeniya da mai asalin haɗin, Rabaran Paul Ogunyale, sunansa kuma ya shiga takardar mallakar fasaha. Sai a 2010 duniya ta amince da Yarjejeniyar Nagoya kan raba amfanin albarkatun halittu da ilimin gargajiya da masu su.

Shekara guda bayan rasuwar Dalziel aka ga misalin da ya nuna ƙarfin irin aikinsa da kuma inda ya tsaya. A 1949 likitocin asibitin Mayo na Amurka suka sanar cewa sinadarin kotizon, mai kwantar da kumburi da lafar da garkuwar jiki, yana tayar da masu ciwon gaɓoɓi daga kwance. Matsalar ita ce tsadarsa, domin daga matsarmamar shanu ake haɗa shi ta matakai masu yawa. Sai aka tuna cewa an taɓa samun wani sinadari mai kama da shi a 'ya'yan Strophanthus sarmentosus, ɗaya daga tsirran da Hausawa ke kira kwankwani. Tawagogi suka kwararo Afirka ta Yamma daga Amurka da Suwizalan da Ingila. Ingila ta turo masanin sinadarai Kenneth Callow da masanin tsirrai na Kew Desmond Meikle zuwa Najeriya. Sun sami tsiron, sunansa daidai, amma yawan sinadarin ya bambanta ƙwarai daga yanki zuwa yanki, kuma a wurare da yawa bai kai a yi kasuwanci da shi ba. Daga ƙarshe wata doyar daji ta Meziko ce ta ci kasuwar. Tinya kuwa ta sami nata rabon a shekarun 1970, lokacin da masu bincike a Landan suka ware wani sinadari mai tsananin raɗaɗi daga ƙaronta suka sa masa suna tinyatoxin, da kalmar Hausa a gaba.

Yau zamanin da ya ture littafin Dalziel gefe shi ma yana tangal-tangal. Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ke da mafi girman kaso idan aka gwada da yawan jama'a. Najeriya ta fitar da shirinta na ƙasa na farko kan wannan matsala a 2017. Shi ne dalilin da ya sa ɗakunan gwaje-gwaje suka sake komawa kan marke da sabara da hano, kuma kowane irin wannan bincike sai ya fara da tantance suna.

Da Kew ta tashi sabunta littafin na 1937, aikin ya faɗa hannun Humphrey Burkill. Abin da Dalziel ya tattara a mujalladi ɗaya sai da ya zama shida, na farko a 1985, na ƙarshe a 2004. Busassun rassan da ya danne da hannunsa kuwa suna nan a ɗakunan ajiya na Kew, manne a kan takardu, kowanne da lambarsa da sunan inda aka tsinko shi: Katagum, Sakkwato, Yola, Abinsi.